Baƙon Amurka a Bikin Farruh

Chust, 3 ga Satumba, 2008

Elyorjon, ɗan 'yar'uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kana kuma cin abinci kamar mutum, ba shayi da ɓawon gurasa kawai ba irin yadda na tarar da kai bara lokacin rasuwar mahaifiyarka. Ni dai da sauƙi. Gwiwar hagu ce ke ta rigima, kunnen kuma ya ƙara toshewa. Shi ya sa ba na kiran ka a waya, in na kara ta a kunne sai in ji kamar daga cikin rijiya ake magana.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya Toganka, wato kawunka Ismat, ya aiko a kira ni. Ka san shekara talatin ke nan ba a ambaci sunan mahaifiyarka Gulchehra a gidansa ba, ko ta'aziyyarta bai je ba, ita da take ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ni da muke 'ya'yan wa da ƙane da ita ni kaɗai na je. Na tarar da shi a tsakar gida ƙarƙashin inabi, ya zuba mini shayi da hannunsa, ya ce, "Muyassar, yaron nan na Tashkent, kina da adireshinsa har yanzu?"

Autansa Farruh zai yi aure ranar 18 ga Oktoba, da 'yar wani mai kamfanin auduga a Namangan. Ya ce ka zo. Ya ce ka aiko da awonka zai ɗinka maka kwat, kuma a teburin manyan baƙi za a zaunar da kai. Har ya tambaya ko kana jin Turanci.

Na fito gidan ina share hawaye. Tsufa kan sa zuciya ta yi laushi. Ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda amsarka, yana juyowa duk Alhamis.

Holarka,
Muyassar

Tashkent, 11 ga Satumba, 2008

Hola Muyassar, innata,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Takardarki ta same ni a bakin tanderu, na karanta ta da gari a hannu, na sake karanta ta sau uku.

Kin tambayi lafiyata. Da can sai in ce lafiya lau, amma yau zan gaya miki gaskiya, ke kaɗai. Tun da Mama ta rasu ba na barcin kirki. In na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa idanu suka yo kaina, sai ƙirjina ya ƙulle, in sauka tun ban kai tashata ba. Madubin ɗakina na juya shi bango tun watan Maris. Wata huɗu ke nan ina zuwa wurin likitar ƙwaƙwalwa, Dokta Pak, tana ba ni magani muna kuma hira. 'Yar Koriyawan nan ce da aka haifa a nan, ta ce ita ma an sha tambayarta yaushe za ta koma gida.

Ba sabon abu ba ne, taruwa ya yi. Tolib aka, wato yaya Tolib, mai gidan gurasar da nake aiki, mutumin kirki ne, amma a baya yake ajiye ni, don akwai masu cewa ba za su ci abin da hannuna ya taɓa ba. In na leƙo kuwa ba a rasa mai cewa, "Kai kuma a tanderun aka manta da kai?" Shekara goma ina jin wannan wasa, kowa kuma gani yake shi ya fara ƙirƙiro shi. 'Yan sanda su tsayar da ni, su juya fasfo, su ce ina na koyi yarensu haka. In ce a cinyar uwata. Wata rana na je inda ɗaliban Afirka ke taruwa, na ce ko can zan sha iska. Suka yi mini Faransanci na tsaya kamar gunki, ɗayansu ya ce da abokinsa, "Ƙyale shi, ɗan nan ne, fatar kawai ya ara." Mutumin da ya ba ni fatar ya koma Gini ina shekara uku, wasiƙa biyu ya aiko ya yi shiru. Ki ga, can ma ba ni da kujera.

Shi ya sa maganar Toga ta shige ni. Na gaya wa Dokta Pak, ta ce in je amma kada in ɗora wa tafiyar nauyin da ya fi ƙarfinta. Ni dai daren da na karanta takardarki na yi barci har aka kusa fara kwaɓa ba ni. Turanci ina ɗan taɓawa, na makaranta. Na ji daɗi da ya tambaya, wato yana so ya san ko Mama ta ba ni ilimi. Ki ce masa ta ba ni.

Awona na bayan takardar. Ina so in ga ɗakin da Mama ta tashi a ciki, da bishiyar tuffar da take ba ni labari.

Ɗanki,
Elyor

Chust, 9 ga Oktoba, 2008

Elyorjon,

Ina gaisuwa, ina lafiya. A tsaye nake rubutu, direba na jira.

Kada ka zo. Jiya na je taya mata tsintar shinkafar biki, na ji matar Ismat na gaya wa ƙanwarta abin da aka shirya. Ba a matsayin ɗan Gulchehra ake gayyatarka ba. Ismat ya cika baki wurin surukansa cewa wuƙaƙen masana'antarsa har Amurka ake kai su, yana da abokin ciniki a can. Suka ce to a gan shi a wurin biki. Kai ne abokin cinikin. Kwat ɗin da Turancin duk na wannan ne.

Na yi wauta, na karanta abin da nake so a fuskar mutumin da na sani tun yana yaro. Ka ce aiki ya riƙe ka. Zan san abin da zan gaya masa.

Muyassar

Tashkent, 24 ga Oktoba, 2008

Hola,

Ina fata kina lafiya. Ni ban san me zan ce game da tawa ba.

Takardarki ta tara ga wata jiya ta iso. Motar direban ce ta lalace a kan dutse, ya kai ta gareji da takardar a aljihun gaba, ta kwana goma sha huɗu a can. Ya ba ni haƙuri, na ce ba komai. Kin ga ƙarshen abin daga ɓangaren mata, amma ba ki ga farkonsa ba, kuma in ban zubar da shi a takarda ba zai ruɓe a cikina.

Na taso da gurasa huɗu manya da na gasa da kaina, da riɗi a kai, na naɗe a ƙyallen Mama. Toga da kansa ya tarbe ni a tashar Namangan. Na buɗe hannu zan rungume shi, ya ja baya ya dube ni daga sama har ƙasa kamar mai tayin rago. Ya ce, "Ashe ka fi yadda nake zato duhu. Madalla." Ya jefa gurasar a but ɗin motarsa, ya wuce da ni otal maimakon gida.

A ɗakin otal ya shimfiɗa kwat a kan gado ya ce, "Saurara da kyau. Gobe sunanka Mista Maykil, daga Chicago. Kai ke sayen wuƙaƙena. Ba ka jin yarenmu ko kalma ɗaya. In an yi maka magana ka yi murmushi, haƙoranku ai suna da kyau."

Na ce, "Toga, ni ɗan Gulchehra ne."

Ya ce, "Na sani. Uwarka ta zubar mini da mutunci sau ɗaya, kai sai ka ɗan kwaso mini. Me ka rasa? Ka ci ka sha ka koma."

Na ce, "Gidan fa? Zan ga ɗakinta?"

Ya ce, "Bayan biki."

Hola, na yarda. Ba wanda ya ɗaure ni. Ƙofa a buɗe take, tasha ba nisa. Na sa kwat ɗin na ga ya yi mini daidai, har na ji wani ɗan daɗi, wannan ne abin da ya fi ba ni kunya in na tuna.

Awa uku na zauna a teburin manya ina wage baki. Kin san abin da mutane ke faɗa a gaban wanda suke zaton ba ya ji? Wani mai haƙorin zinariya ya ce, "Wannan sabulu nawa zai ci a wata, kuma a banza?" Na kusa da shi ya ce, "Dubi tafin hannunsa, fari sol, irin na birin gidan zu." Wani ya lashi yatsa ya goga a wuyan hannuna ya duba ko zai fita, aka yi dariya, ni ma na yi. Wata ta kawo jaririnta a ɗauke mu hoto, tana ce wa mijinta, "Riƙe shi sosai, kada ya cije shi." Duk suna faɗa suna cika mini faranti da shinkafa da nama, suna dafa ƙirji. Toga ya juyo ya ce, "Oke, Mista Maykil?" in ce, "Oke."

Abin da ya tona ni kuwa ban shirya shi ba. Mai raba abinci ya bangaji tebur, gurasa ta faɗi ƙasa, ga masu rawa na matsowa. Kafin in yi tunani na sunkuya na ɗauke ta, na sumbace ta na kai goshi sau uku, na ajiye ta fuska sama. Hannuna ne ya yi, kamar yadda hannun kowa a zauren zai yi. Da na ɗago sai na ga uban amarya, Hoji Nurmat, ya zuba mini ido. Ya matso ya ce a hankali, "Ɗana, kai ɗan wane ne?"

Tun da Mama ta rasu ba wanda ya ce mini ɗana da baki. Na ce, "Ɗan Gulchehra ne ni, jikan Usta Hoshim maƙerin wuƙa. Wannan da ke gefenka yayan mahaifiyata ne." Da harshen Chust na faɗa, irin na Mama.

Mai haƙorin zinariya ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Na zaci Hoji zai tuhumi Toga kan ƙaryar. Sai ya juya gare shi ya ce, "Wato wannan jinin yana cikin gidanku, kuka ɓoye mana?" Matarsa ta taso daga wancan ɓangare tana cewa, "Jikokina fa? Haka za su fito?" Toga ya ce, "Ba namu ba ne. Uwarsa mun binne ta tun kafin ta mutu."

Na tashi na fita bayan zauren na amayar da duk abin da suka ciyar da ni. Na rataye kwat ɗin a kan shinge, na tafi tasha da rigar ciki. Ban ga ɗakin ba.

Abu ɗaya ya rage. Lokacin da nake fita na hango ki a teburin mata. Idonmu ya haɗu, kika mayar da naki kan farantinki. Ban rubuta don ki ba ni haƙuri ba, so nake ki san na gani.

Elyor

Chust, 2 ga Nuwamba, 2008

Elyorjon,

Na karɓi takardarka. Lafiyar jiki da sauƙi, sanyi ya fara shiga gwiwa.

Gaskiya ka faɗa, na sunkuyar da kai. Da na gan ka cikin kwat ɗin na gane takardata ba ta same ka ba. Ina iya tsallaka zauren in kama hannunka, na zauna ina lissafin wa zai gan ni. Shekarata sittin da bakwai, talatin da biyar daga ciki ina koya wa 'ya'yan mutane faɗin gaskiya a aji.

Auren bai mutu ba, in kana son sani. Dattawa sun zauna washegari, suka yanke cewa baƙin fatar daga wajen baƙon da ya haife ka ya zo, bai taɓa jinin gidan ba. Aka yi fatiha, aka ci ragowar shinkafa. Ba wanda ya tada maganar Mista Maykil. Hoji da Ismat yanzu tare suke shan shayi.

Akwai abin da ya fi wannan muni, gara ka ji daga bakina. Ismat ya gaya wa dattawan cewa kai mai taɓin hankali ne, kana zuwa wurin likitan mahaukata, shi kuma tausayi ya sa ya sa maka kwat ya zaunar da kai don ka ji daɗi, ka saka masa da hauka. Za ka ce ina ya san zancen likita. Ni na gaya masa. A watan Satumba, da na kai masa awonka, na karanta masa takardarka gaba ɗaya, har wurin da ka ce ni kaɗai. Na zaci in ya ji halin da kake ciki zai tausaya. Ya saurara yana gyaɗa kai, ashe ajiya yake yi.

Yanzu duk Chust ta sani. Mata na biyo ni har gida da kwanon miya, wai sun zo gaishe ni, su zauna su ce, "Da gaske ne yana cizo in abin ya motsa?" Waɗannan su ne suka yi layin ɗaukar hoto da kai. Na mayar wa matar Ismat yadin da ta ba ni na biki. Na daina amsa ƙofa. Ina kallon fuskokin da na sani shekara da shekaru, sai in ji kamar na buɗe tukunyar da aka manta da ita mako guda. Tawa fuskar ma tana ciki.

Gurasarka an same ta a but bayan kwana biyar, za a ba tumaki. Na karɓo, da ƙyallen.

Ban san da wane baki zan roƙe ka ba.

Muyassar

Chust, 27 ga Nuwamba, 2008

Elyorjon,

Ina gaisuwa. Alhamis uku ke nan direba na dawowa hannu wofi. Ya ce ɗakinka a kulle, a gidan gurasa kuma an ce masa ba ka nan, ba a ƙara masa komai ba. In ba ka son magana da ni, na cancanta. Ka dai ja layi ɗaya a farar takarda ka ba shi, in san hannunka na motsi.

Muyassar

Tashkent, 18 ga Disamba, 2008

Hola,

Ina raye. Ina fata gwiwar ta bar ki kina barci.

Asibiti na kwanta, mako huɗu. Kwana biyu bayan takardarki ta biyu ga Nuwamba, ina manna gurasa a bangon tanderu, sai na bar hannuna a jikin bangon. Ba zamewa na yi ba. Na tsaya ina kallo kamar hannun wani ne. Tolib aka ne ya fizgo ni, ya sa ni a motarsa, yana tuƙi yana zagina yana kuka. Ƙunar ta warke, ta bar tabo. Dokta Pak ta canja mini magani, yanzu ina barci awa biyar, wani lokaci shida. Na koma aiki ranar Litinin.

Game da takardar da kika karanta wa Toga, na rubuta miki amsa uku na yayyaga. Abin da zan iya cewa shi ne, su ban taɓa ba su komai nawa ba, ke na ba ki. Kada ki tambaye ni yafiya yanzu, ba ni da ita a hannu, kuma na gaji da ba mutane abin da suke so su ji.

A asibitin Dokta Pak ta haɗa ni da wani direban bas, Ravshan, ɗan shekara arba'in da ɗaya. Uwarsa 'yar Samarkand ce, ubansa ɗalibi daga Habasha. Ya dube ni na dube shi, ya ce, "Kai ma a tanderu aka manta da kai?" Na yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Mun zauna awa biyu ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa daga ina yake. Yanzu duk Juma'a muna haɗuwa mu ci taliya. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu, masu gashi irin nawa, kuma ba sa ɓoye shi a ɗankwali.

Abu ɗaya nake so ki yi mini. Ba ni da hoton Mama tana yarinya, ta baro Chust da kayan jikinta kawai. Ki je gidan Toga, ta ƙofar gaba, da rana. Ki faɗi sunanta yadda maƙwabta za su ji, ki ce ɗanta ne ya aiko ki karɓar hotonta. In kin yi, ki rubuto. In ba za ki iya ba, ba sai kin sake wahalar da direba ba.

Elyor

Chust, 25 ga Disamba, 2008

Elyorjon,

Alhamdulillahi da hannunka ya motsa. Ni ma lafiya.

Na je ranar Talata bayan azahar, yana da baƙi biyu a ɗakin shayi. Na tsaya a tsakar gida na ce, "Ismat, Elyor ɗan Gulchehra ya aiko ni. Hoton ƙanwarka Gulchehra yake so." Na maimaita da ƙarfi. Ya fito da kofi a hannu ya ce, "Muyassar, ke ma kin kamu ne? Babu mai wannan suna a gidan nan, babu hotonta." Na ce zan jira. Na zauna a kan dakali cikin sanyi, baƙinsa suka sa takalma suka fice ba sallama. Ya kira ni sunaye da ban ji rabinsu ba, kunnen nan ya yi mini rana.

Da na gaji na miƙe, matarsa ta biyo ni zaure ta cusa mini wani abu a aljihu. Da na matsa mata, ta ce wai a cikin akwatin kakarka ta same shi bayan rasuwarta, naɗe a auduga.

Ga shi nan cikin takardar, ka buɗe a hankali. Tana da shekara goma sha shida a nan. Ƙarami ne, gefensa kuma a karkace, don da almakashi aka yanke ta daga hoton gida. Hannun da ke kan kafaɗarta na Ismat ne. Na rasa yadda zan cire shi ba tare da na taɓa ta ba, sai na bar maka shi yadda yake.

Holarka,
Muyassar